Yadda Ake Cire Sitiyarin Mota a Ɗaura Wanda Ba Na Kamfani Ba

Canza sitiyari aiki ne da mutum zai iya yi da kansa cikin awa ɗaya ko biyu, in ya tanadi kayan aiki kuma bai yi garaje ba. Ɗaure sabon sitiyarin shi ne mafi sauƙi a aikin gaba ɗaya, kusoshi shida ne kawai. Ɓarnar da ake yi kusan duk tana faruwa ne a kan abubuwan da ke ɓoye bayan tsohon: jakar iska (wadda ke kumbura ta tare direba idan an yi karo), naɗin wayar da ke kai wuta cikin sitiyari, da haƙoran sandar sitiyarin. A kansu zan fi daɗewa.

Kayan da za ka tanada

Sitiyarin kansa. Na kamfani yawanci faɗinsa tsakanin milimita 370 ne zuwa 390. Na kasuwa kuwa za ka samu 320, 330, 350, har da 380 na tsoffin motoci. Ƙaramin sitiyari yana da kyan gani, amma hannu ne ke biyan kuɗin. In ka sauko daga 380 zuwa 320, ƙarfin da za ka sa wajen murzawa zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma bakin sitiyarin na iya rufe maka allon gudu. A ganina 350 ya fi dacewa da motar hawa ta yau da kullum. Motar da ba ta da fawa sitiyari kuwa, kada ka sauka ƙasa da haka, domin ranar da za ka yi fakin a matsattsen wuri za ka ji a kafaɗarka. Ka kula da zurfinsa ma. Akwai shimfiɗaɗɗe, akwai mai zurfi kamar kwano wanda ke matsowa kusa da ƙirji. Mai zurfin yana nisanta yatsunka daga sandar sigina da ta waifa, har sai ka saki sitiyari kafin ka kai gare su. Kafin ka saya, auna tazarar da ke tsakanin bakin tsohon sitiyarin da sandar sigina, ka nemi haɗin da zai dawo maka da kusan wannan tazarar.

Jabu sun yi yawa a wannan harka, ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Riƙe sitiyarin da hannu biyu, ka tokare tsakiyarsa da gwiwa ka ja. In ka ji yana lanƙwasa, ajiye shi. Abin da ke lanƙwasa a hannunka a tsaye, ba shi za ka dogara da shi a kan gudu ba.

Bos, wato gindin da ke shiga tsakanin sandar mota da sabon sitiyari. Wannan ya fi sitiyarin muhimmanci, kuma shi mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sitiyarin kasuwa ba ya hawa sandar mota kai tsaye. Bos ne ke da haƙora daga ƙasa daidai da na motarka, sannan da ramukan kusoshi daga sama daidai da na sitiyarin. Ba a sayensa da sunan kamfanin mota kawai. Sai da samfurin motar da shekarar da aka ƙera ta, da kuma ko tana da jakar iska ko babu, domin kamfani ɗaya kan canza kaurin sanda da yawan haƙora daga wannan ƙirar zuwa waccan. Daga sama kuma ramuka shida ne a da'ira: Momo, Sparco da OMP suna amfani da da'irar milimita 70, Nardi da Personal kuma 74. Bos da yawa suna zuwa da ramukan duka biyun. In kana da zaɓi, ɗauki irin wanda aka ƙera ya lotse idan an yi karo, maimakon dunƙulallen ƙarfe.

Sauran kayan:

- sifana mai lamba 10 don kan batir
- soket da dogon hannu don notin tsakiya, yawanci 17, 19, 21 ko 22. Wasu motocin Turai kusa ce mai bakin tauraro a wurin, ba noti ba
- Torx T30 don kusoshin jakar iska, da siririn sukundireba mai faɗin baki
- alanki na milimita 3 don kusoshin sitiyari
- sifanar awon ɗauri, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai
- fula, wato abin zare sitiyari daga sanda
- maka ko fenti na yin alama, salatif na takarda da baƙin tef na waya
- shuɗin gam na kusoshi, mai matsakaicin riƙo, ba ja ba
- mita ta gwada waya, da ƙananan kawunan waya na haɗa hon
- rizisto na jakar iska, in bai zo tare da bos ba

Akwai shawarar da za ka yanke tun kafin ka kashe ko sisi. Kusan duk sitiyarin kasuwa ba shi da jakar iska. In motarka ta zo da ita, kamar yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990, to cire ta na nufin ka cire kariyar fuskarka da ƙirjinka, kuma bel ɗin motar an tsara shi ne ya yi aiki tare da jakar. Doka ma tana da bakin magana a ƙasashe da dama. A Birtaniya, motar da aka ƙera da jakar iska aka cire mata ba ta cin gwajin MOT na shekara-shekara. A Jamus, taɓa jakar iska aiki ne da aka keɓe wa waɗanda suka samu horo, saboda tana cikin kayan da ke fashewa. Kamfanin inshora kuma na iya ƙin biya in ba a sanar da shi ba. Ni dai motar da ake ɗaukar iyali a ciki kullum ba na ba da shawarar a cire mata. Wannan aikin ya fi dacewa da tsohuwar motar da dama ba ta da jaka, ko motar tsere. In abin da ya dame ka shi ne tsohon sitiyarin ya goge ko ya yi muni, akwai hanya biyu masu sauƙi: a sake masa fata, ko ka nemi sitiyarin wata ƙirar ta kamfanin motarka wanda ke karɓar jakar iskarka. Matakan da ke ƙasa za su yi maka amfani ko a hakan. Ka sani kuma maɓallan rediyo da na riƙe gudu da ke jikin tsohon sitiyarin za su tafi tare da shi.

1. Daidaita tayoyi

Nemi shimfiɗaɗɗen wuri, ba gangare ba. Tuƙa motar gaba a miƙe na 'yan mitoci, ka tsaya ba tare da ka murza sitiyari ba, ka ja birkin hannu. Sauka ka duba tayoyin gaba da idonka. Duk abin da za ka yi nan gaba a kan wannan daidaiton ya dogara, kuma in ka murza sitiyari don wani dalili, ka dawo da tayoyin a miƙe kafin ka zare shi.

Kafin ka taɓa komai, danna hon, kunna sigina ka ga tana kashe kanta bayan kwana, ka lura da fitilun da ke kan dashbod. In akwai abin da ya lalace tun da, gara ka sani yanzu, kada daga baya ka ɗora wa aikinka laifin da ba nasa ba. Leƙa bayan sitiyarin kuma ka ga inda kusoshin jakar iska suke. A wasu motoci sai an karkata sitiyari kafin a kai gare su. In motar mai makulli ce, barin makullin a ciki a matakin farko ya isa ya hana sitiyari kullewa. In mai maɓallin tayarwa ce, makullin sitiyarinta na lantarki ne, ba ya buɗewa sai da wuta, don haka ka tsara yadda za ka kai ga kusoshin tun batir na haɗe.

2. Cire batir, ka jira

Kashe mota. Kwance kan batir na nagetif, mai alamar ragi, ka janye shi gefe ka naɗe shi da tsumma don kada ya zame ya koma ya taɓa. In rediyonka mai lambar sirri ne, tabbatar kana da lambar kafin ka cire.

Yanzu sai jira. Kwakwalwar jakar iska tana da kafasita da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, an yi ta ne domin jakar ta iya tashi ko da batir ya tsinke a haɗari. Toyota na cewa a jira daƙiƙa 90, Honda na cewa minti 3. Ni minti 15 nake bayarwa ga kowace mota, ba abin da jiran ke rage ni da shi. Jakar tana cika ne cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, babu mai iya kauce mata. Kafin ka ci gaba danna hon. In shiru, wuta ta yanke.

3. Fitar da jakar iska

Hanya biyu ake riƙe ta. Ta farko kusoshin Torx guda biyu daga baya ko gefen sitiyari, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan murfin roba. Yawancinsu ba sa fita gaba ɗaya, suna kwancewa ne su tsaya a raminsu, don haka kada ka yi ta juyi kana jiran su faɗo. Ta biyu sifirin ne na waya: ka zura siririn sukundireba ta ramin da ke baya, ka tura wayar har gefen jakar ya saki, sannan ɗaya gefen. Wannan na buƙatar haƙuri, lalube ne, ba ƙarfi ba.

Taɓa ƙarfen jikin mota da hannunka kafin ka kama jakar, kuma ka zauna a karkace, kada fuskarka ta kasance saitinta. Ɗago ta a hankali, wayoyi na bayanta kuma gajeru ne. Soket ɗin jakar rawaya ne a yawancin motoci, kuma yana da ɗan makulli a kansa. Ɗaga makullin da bakin sukundireba tukuna, sannan ka zare soket ɗin a miƙe. Kada ka ja waya. Sababbin motoci kan zo da soket biyu.

In za ka ɗauke ta, fuskar da ke da tambarin mota ta kalli nesa da jikinka. In za ka ajiye ta, tambarin ya kalli sama, kada a ɗora komai a kai. Jakar da aka kife, in ta tashi, ƙarfen bayanta ne zai yi sama. Kuma kada ka kuskura ka sa mita a kan wayoyin jakar da sunan gwaji. Mita tana tura 'yar wuta, kuma wuta ce ke tayar da ita.

Tsohuwar motar da ba ta da jaka, murfin hon ne kawai za ka cire. Wani ɓallewa yake in an ja, wani da ƙananan kusoshi daga baya.

4. Yi alama, ka sassauta noti

In ka karkata sitiyari don kai wa ga kusoshi, mayar da shi tsakiya yanzu. Zare sauran soket na hon da na maɓallai. Da maka, ja layi a kan bakin sandar saitin sama, ya zarce kan tsohon sitiyarin. Layin da ke kan sandar shi ne zai nuna maka sama bayan tsohon ya fita.

Sa soket a kan noti, ka riƙe sitiyarin da ɗaya hannun da gwiwoyinka, ko wani ya riƙe maka. Kada ka bar makullin sitiyari ya zama shi ke tokare ƙarfin da kake sawa; ɗan harshen ƙarfe ne, yana karyewa, gyaransa kuma ya fi wannan aikin wahala. Idan notin ya saki, kwance shi har ya zo daidai da bakin sanda, amma kada ka cire shi. Bar shi a kai.

5. Zare tsohon sitiyari

Dalilin barin notin shi ne, ƙasan haƙoran sandar a fiƙe yake, kuma sitiyarin ya shekara a matse a kai. Ba ya fita a hankali. Yana riƙewa ne, ya riƙe, sannan ya saki gaba ɗaya lokaci guda, kuma in babu noti a gabansa, hancinka ne a gabansa. Ban da haka yana iya fizgo wayoyin da ke bayansa.

Kama shi dama da hagu, ka ja zuwa ƙirjinka kana girgiza shi, wannan gefe sannan wancan. Sau da yawa hakan ya isa. In ya ƙi, sa fula: kusoshinta biyu su shiga ramukan da ke gefen noti, ta tsakiya ta tokari bakin sanda, ka juya a hankali har ka ji ƙas. Kada kusoshin gefen su shige da yawa, domin naɗin waya na nan daf da bayan ramukan. In ba ka da fula, fesa man sassauta tsatsa a gindin haƙoran, ka ba shi minti goma, sannan ka ja da gwiwoyi daga ƙasa kana bugun bayan sitiyarin da tafin hannu, hagu da dama.

Abin da ba a yi shi ne dukan bakin sanda da guduma. Za ka ga ana yi, kuma sitiyarin yana fita, amma sandar an ƙera ta ne ta shige cikin kanta idan an yi karo, kuma abin da ke riƙe ta a tsayinta ba shi da ƙarfin jure guduma. A motoci masu fawa sitiyari na lantarki akwai sensa a jikin sandar da duka ke iya lalatawa.

Idan ya saki, cire notin, ka zare sitiyarin a hankali kana zura wayoyin ta raminsu.

6. Naɗin waya

Da sitiyarin ya fita za ka ga wani zagayayyen kwanon roba da wayoyi ke fitowa daga cikinsa. Makanikai na ce masa kulok sifirin. Kafin ka yi komai, manna masa salatif daga fuskar da ke juyawa zuwa jikin da ba ya juyawa, don kada ya motsa.

A cikinsa akwai siririyar waya mai faɗi, a naɗe kamar tef ɗin awo a cikin gidansa. In ka murza sitiyari gefe ɗaya tana naɗewa, in ka murza ɗaya gefen tana warwarewa, ta haka wuta ke kaiwa ga hon da jaka alhali sitiyari na juyawa. Tsayinta iyakantacce ne, kusan zagaye biyar daga ƙarshe zuwa ƙarshe, wato biyu da rabi kowane gefe daga tsakiya. In ya juya zagaye ɗaya ba ka lura ba ka rufe a haka, komai zai yi aiki lafiya har ranar da ka murza sitiyari zuwa ƙarshe. Nan wayar za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jaka ta kama. Ba a gyara shi, sai dai sabo.

In ya riga ya juya, ko yaro ya zo ya yi wasa da shi, ba abin tashin hankali ba ne. Tabbatar tayoyi na miƙe. Juya shi da yatsa ɗaya zuwa dama har ka ji ya fara tauri, ka tsaya nan, kada ka matsa. Sannan ka dawo da shi hagu kusan zagaye biyu da rabi, har kibiyoyin da ke jikinsa su haɗu. Da yawansu an rubuta adadin zagayen a jikinsu. In akwai, bi na jikin.

A motocin da ke da na'urar hana zamewa, irin su ESP ko VSC, akwai sensa a wannan wurin da ke gaya wa kwakwalwar mota inda sitiyari ya karkata. Akwai gajerun bos da ba sa zama sai an cire kulok sifirin gaba ɗaya. A irin wannan motar ka guje su, domin za ka rasa hon, kuma na'urar za ta rikice.

7. Gwada bos

Kifa tsohon sitiyarin kusa da bos ɗin ka kwatanta bayansu. Faɗin ramin, haƙoran, zurfin, da 'yan ƙusoshi ko ramukan da ke kama kulok sifirin da abin da ke kashe sigina, duk su yi kama. Nemi alamar sama a jikin bos, kibiya ce ko ɗigo ko rubutu, ka saita ta da layin da ka ja a kan sanda. Cire salatif, zura wayoyin ta ramin da aka tanada, ka tura bos ɗin da hannu.

Ya kamata ya shige da hannu kawai, ba tare da lilo ba. In ya tsaya a rabi, fitar da shi ka duba. Wasu sanduna suna da haƙori ɗaya mai faɗi da ke sa bos ya shiga ta fuska ɗaya tak. In kuwa haƙoran ne ba su dace ba, mayar da shi a canza maka. Kada ka ce noti zai tura shi. Noti zai tura shi kam, ta hanyar cinye haƙoran, kuma bos mai cinyayyun haƙora yana iya juyawa a kan sanda alhali tayoyi ba su juya ba. Haka ma wanda ya shige yana lilo. Kada ka shafa giris a wurin da ya fiƙe, a bushe ake son ya zauna. Duba kuma akwai 'yar tazara tsakanin bayan bos da robar da ta rufe sanda, in ba haka ba zai riƙa gurza.

8. Rizisto

Kwakwalwar mota tana auna jakar iska kullum. In ta ga babu, za ta kunna fitilar SRS, wato fitilar jakar iska da ke kan dashbod, kuma muddin fitilar na kunne ba ka da tabbacin jakar fasinja da masu tsuke bel za su yi aiki, ba kuma za ka san ranar da wata matsalar ta daban ta taso ba. Shi ya sa ake soka rizisto a soket ɗin da jakar ta fita, mai ƙarfin om 2 zuwa 3 gwargwadon mota, 2.2 aka fi amfani da shi. Mai soket biyu na buƙatar rizisto biyu. Soka shi ya zauna daram, ka naɗe da baƙin tef, ka kwantar da shi cikin bos inda ba zai riƙa kaɗawa ba. Kada ka haɗa bakin soket ɗin da guntuwar waya a madadin rizisto. Kuma ka tuna rizisto fitila kawai yake kashewa, bai mayar maka da jakar ba.

9. Ɗaura sitiyari, sannan ka matse noti

Mayar da wosha da notin ka ɗaure da hannu. Matse shi yanzu zai yi wuya domin babu abin riƙewa, don haka fara ɗaura sitiyarin, sai ka matse notin ta ramin tsakiya inda maɓallin hon zai zauna.

In akwai siririn zoben ƙarfe da ya zo da kayan, yana shiga ne tsakanin bos da sitiyari. Shi ke riƙe maɓallin hon kuma shi ne at ɗinsa, wato haɗinsa da ƙarfen mota. Ɗora shi, ɗora sitiyarin, ka sa kusoshi shidan duka da yatsa kafin ka matse ko ɗaya. Kusoshin M5 ne. Ɗiga wa kowace ɗigon shuɗin gam. Wajen matsewa kada ka bi su a jere. Matse ɗaya, ka tsallaka zuwa wadda ke fuskantarta, haka har su ƙare, sannan ka sake zagayawa. Ƙanana ne, kusan Nm 5 zuwa 6 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri) ya ishe su, kuma ramin alankinsu na saurin cinyewa, don haka tura alankin ya shige sosai kafin ka juya. Duba tsayinsu: gajera ba ta kama isasshen zare, doguwa kuma tana iya leƙowa ta baya ta taɓa waya.

Yanzu notin tsakiya. Adadin ɗaurinsa na cikin littafin gyaran motarka. A motoci da yawa tsakanin Nm 35 ne zuwa 50, wasu masu kusa a tsakiya sun fi haka, kuma wasu kamfanonin na cewa a sa sabuwar kusa duk lokacin da aka kwance. Wannan shi ne wuri ɗaya da ba zan ba ka wata dabara ba in babu kayan aiki: in ba ka da sifanar awon ɗauri, aro. Ɗaurin da bai kai ba zai sa sitiyari ya fara lilo. Wanda ya wuce kima kuma yana tura bos ɗin alminiyom kan fiƙaƙƙiyar sanda har ya tsage, tsagar da ba za ka gani ba.

Masu son sa abin cire sitiyari nan take, wanda ake zare shi a tafi da shi, su sani yana ƙara tsayi sosai, don haka da gajeren bos ake haɗa shi. Mai arha yana fara lilo cikin ɗan lokaci, kuma lilo a sitiyari ba abin zama da shi ba ne.

10. Hon

A mafi yawan motoci maɓallin hon ba wuta yake bayarwa ba. Waya ɗaya ce ke zuwa daga rile, idan ka danna sai maɓallin ya haɗa ta da ƙarfen mota, hon ya yi ƙara. Saboda haka abu biyu kake buƙata: wayar hon, da at.

Wayar hon ita ce wadda ka zare daga murfin hon na tsohon sitiyari. Kada ka kusanci masu rawaya. In maɓallin mai baki ɗaya ne, wayar ta hau bakin, at kuma ya samu ta 'yar wayar sifirin da ke gefensa wadda ke taɓa zoben nan. In mai baki biyu ne, ɗaya wayar hon, ɗayan kuma ka ja gajeriyar waya zuwa zoben ko jikin bos. A nan mita na da amfani: gwada maɓallin shi kaɗai a hannunka, ka ga yana haɗawa idan an danna yana yankewa idan an saki. Tsoffin motoci ba su da kulok sifirin, wani ɗan tsinken tagulla ne mai sifirin ke gogar zoben da ke bayan bos. Tabbatar yana taɓa zoben, ka ɗan shafa masa giris kaɗan.

Lanƙwasa ragowar wayar cikin bos yadda maɓallin ba zai danne ta ba, ka tura shi ya zauna. In daga baya hon ya kama ƙara shi kaɗai, waya ce ta matse ta taɓa ƙarfe, ko ka juya bakunan. In ya ƙi yi sam, kusan kullum at ne. Fentin da ke jikin bos ko sitiyari yana hana haɗuwa, kankare ɗan wuri ƙarfe ya fito.

11. Mayar da batir, ka gwada a tsaye

Kada kowa ya kasance cikin motar lokacin da kake mayar da kan batir. Karon farko da za ka buɗe makulli, miƙa hannu daga waje ta taga, domin sauran jakunkunan na nan da ransu. Fitilar SRS ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. In ta tsaya, kashe, cire batir, sake jira, ka duba zaman rizisto. Wasu motocin suna riƙe laifin a kwakwalwa har sai an goge shi da na'urar bincike, musamman in an taɓa buɗe makulli alhali soket ɗin na tsirara.

Tayar da injin. Murza sitiyari a hankali zuwa ƙarshen dama, sannan ƙarshen hagu, kana saurare. Gurza, ƙas-ƙas, ko wurin da ya yi tauri, duk alama ce ta tsaya ka buɗe. Ƙirga zagayen daga tsakiya zuwa kowane ƙarshe, su zo kusan ɗaya. Danna hon a tsakiya da kuma a ƙarshen kowane gefe. Kunna sigina ka murza ka dawo, ka ga ta kashe kanta, dama da hagu. Sannan ka kama sitiyarin ka ja shi, ka tura, ka girgiza da ƙarfi. Ko kaɗan kada ya motsa a kan sanda. Tagogin lantarki da agogo na iya buƙatar sake saiti bayan cire batir, wannan ba laifin aikinka ba ne.

12. Gwajin hanya

Fara a hankali a wurin da babu cunkoso, sannan ka hau miƙaƙƙiyar hanya mai kyau ka lura da yadda sitiyarin ya tsaya. In ya karkace sosai, ka kuskure haƙori ne. A sanda mai haƙora 36, kowane haƙori digiri 10 ne, don haka karkacewar da ta kai haka ana gyara ta da cire bos a matsar da shi haƙori ɗaya zuwa gefen da ya dace. Kuma duk ƙa'idojin baya suna nan, batir, jira, salatif a kan kulok sifirin. In karkacewar ba ta kai rabin haƙori ba, matsar da bos zai mayar da ita ɗaya gefen ne kawai, har ma ta fi. Wannan aikin mai alaimen ne, wato mai daidaita tayoyi: a ƙara tayarod ɗaya a rage ɗaya daidai wa daida. In fitilar hana zamewa ta kama bayan haka, sensa ce ke son a sake saita ta da na'ura.

Bayan kamar mako ɗaya kana hawa, sake bin kusoshi shidan da alanki, ka cire maɓallin hon ka duba notin tsakiya da sifanar awo. Tsohon sitiyarin da notinsa da kusoshinsa kuma ka haɗa su wuri ɗaya, za ka neme su in za ka sayar da motar ko in gwajin hukuma ya taso. Jakar iskar ka ajiye ta a busasshen wuri nesa da zafi da yara, tambarin na kallon sama. In ba ka da bukatarta, kada ka jefa ta a shara kuma kada a ƙona ta. Kai ta garejin da ke aikin jakar iska su san yadda za su yi da ita.